Ɗan Moto Marar Gawayi Da Yadda Ake Kiwonsa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarmu mai farin jini, in faɗi wani laifi da na yi, ko 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta za su ƙaru. An ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Akwai ɗan wana a nan Ƙaraye, shekararsa 14, Allah ya ba shi hikimar hannu. Da bazarar bara ya samo fankar cikin wata matacciyar kwamfuta, ya yi mata mazauni da katako, ya haɗa ta da batirin babur, ya ajiye wa kakarsa saboda zafi. Tsohuwa ta yi ta sa masa albarka. Ni kuwa da na zo, sai na ce, "Ɗana, me ya sa kake wahalar da batir? Ga farantin sola a kan rufi, haɗa ta da shi kai tsaye." Ya ce, "To, Baffa." Ana haɗawa da tsakar rana ta ɗauki gudu, can sai muka ji ƙauri, ta tsaya cik. Ubansa ya yi masa faɗa, ya ce ya bar wannan wasan banza. Yaro bai ce uffan ba, alhali kuwa jahilcina ne ya kashe ta.

Kunya ta sa na shiga tambayar masu gyara da duba littattafai. Ga abin da na samo.

Moto, watau ɗan injin nan da lantarki ke juyawa, ba motar hawa ba, tun 1821 wani Baturen Ingila, Michael Faraday, ya nuna asalinsa. Irin na da, wanda yara kan ciro daga tsohon rediyon kaset, yana da 'yan gawayi biyu a ciki masu gugar abin da ke juyawa don su kai masa wuta. Yau da gobe gawayin kan cinye, moto ya mutu. A 1962 waɗansu masana biyu a Amurka, Wilson da Trickey, suka bayyana wanda ba shi da gawayi. A cikinsa naɗin waya tsaye yake, maganaɗisu ne ke juyawa, sa'an nan wani ɗan allo, wanda masu gyara ke kira fanel, shi ke aika wuta ga naɗin bi da bi, kamar mai ban ruwa yana buɗe fangali bayan fangali. Shi ne a cikin fankar kwamfuta, da jirage marasa matuƙi, da yawancin famfunan sola na zamani, irin waɗanda za su amfani masu noman rani a bakin madatsar ruwan Challawa da aka gama a 1992.

To, da yake ba abin da ke cinyewa a cikinsa sai boris, mutane suka ɗauka ba ya mutuwa. Ashe ba tsufa ke kashe shi ba, mu ne. Ga abokan gābansa guda biyar.

Na ɗaya, wutar da ta fi ƙarfinsa. A karanta abin da aka rubuta a jikinsa kafin a haɗa. Fankar kwamfuta galibi ta bolt 12 ce, amma farantin solan da ake kira na bolt 12, in rana ta take kuma ba a ɗora masa kaya ba, yakan kai 21. Nan na fāɗi. Kamata ya yi wuta ta bi ta na'urar daidaita caji zuwa batir, sa'an nan ta zo ga moto. Jar waya kuma ga ƙafar da ke da alamar tarawa, baƙa ga ɗayar. In aka juya su, fanel na iya ƙonewa.

Na biyu, rashin sanin irinsa. Fankar kwamfuta fanel ɗinta a ciki yake. Amma na jirgin wasa mai wayoyi uku ba shi da shi, sai an saya masa nasa dabam, wanda masu sayarwa ke kira ESC. Wanda ya haɗa shi da batir kai tsaye, sai ya ga ya zabura ya tsaya, naɗin kuwa yana cin wuta har ya ƙone. In yana juyawa ta baya, a musanya biyu daga cikin wayoyin nan uku, shi ke nan. Lambar nan da ake rubutawa da KV ita ce yawan juyinsa a minti ɗaya a kan kowane bolt, in ba kaya. Watau mai 1000 a kan bolt 12 yakan yi wajen juyi 12,000. Saboda haka kada a gwada shi da farfela a jiki kusa da yatsa ko ido.

Na uku, zafi. Maganaɗisun nan mai ƙarfi, irin na gama-gari, in zafinsa ya wuce digiri 80 sai ya soma rasa ƙarfinsa, ba ya kuwa dawowa. In ka taɓa moto ka kāsa barin yatsanka a kai, kashe shi ya huta. Farfelar da ta yi masa girma, ko riƙe shi yana son juyawa, su ke jawo wannan.

Na huɗu, ƙura. Kowa ya san hunturunmu daga Ƙaraye har Rogo. A riƙa kaɗe shi da busasshen burushi, a rufe shi in ba ya aiki. Kada a ajiye shi a ƙasa, balle a rumfar mai walda, domin maganaɗisu kan tsince garin ƙarfe ya cika cikinsa. In boris ya soma kuka, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ya isa. Man gyaɗa daskarewa yake yi ya kama datti.

Na biyar, doguwar kusa. In ta zarce mazauninta ta taɓa naɗin waya, ta kankare fentinsa, moto ya gama.

Har ila yau ina gargaɗi game da batirin litiyam da yara kan ciro daga kayan da suka mutu. Cikar kowane ɗaya bolt 4.2 ce. Wanda ya kumbura kada a huda shi, kada a yi cajinsa a kan katifa, domin wuta yake kamawa.

Daga baya na tafi wurin wana na ce, "Yaya, laifin nawa ne, ba na yaron ba." Na sayo wata fankar a kasuwar Sabon Gari ta Kano, muka haɗa ta yadda ya kamata, ga ta nan tana aiki a ɗakin tsohuwa.

Roƙona ga malamai shi ne, in kun ga yaro da waya da batir a aljihu, kada ku fara da bulala. Ku zaunar da shi ku koya masa karanta abin da aka rubuta a jikin kayan. Mu manya kuma, abin da ba mu sani ba mu tambaya tukuna kafin mu ba da umurni, domin yaro ba zai musa mana ba. Fanka a kasuwa take, amma zuciyar yaro in ta karye ba a sayo wata.

 

Ni ne naka,
Wani Akawu, Ƙaraye.