Gubar Da Ba Ta Nuna Kanta A Ruwan Sha

'Yan'uwa, mun saba cewa ruwan da ya yi garau shi ne mai tsabta. Amma akwai gubar da ke shiga ruwa ba ta canja masa kala ba, sau da yawa ko wari ba ta yi.

Masana'antu da gareji suna amfani da wasu sinadarai masu narkar da maiƙo domin wanke ƙarfe da injuna. Ɗaya sunansa tirikuloroetilin, a taƙaice TCE. Ɗan'uwansa PCE kuma da shi ake wanke kwat da manyan riguna a shagunan wanki da ba sa amfani da ruwa. Idan aka zubar da su a ƙasa, sai su yi ta nutsewa. Sun fi ruwa nauyi, saboda haka suna wuce ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa su kwanta can ƙasa, suna narkewa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Duk rijiya ko burtsatsen da ke jan wannan ruwa za ta jawo su.

Haka ya faru a barikin soja na Camp Lejeune a Amurka. Daga 1953 zuwa 1987 sojoji da matansu da 'ya'yansu sun sha ruwan famfo mai waɗannan sinadarai, wani daga cikin barikin ya fito, wani daga shagon wanki na kusa. A 1982 an auna TCE a wani ruwan barikin, aka sami maikrogiram 1,400 a lita ɗaya. Iyakar da dokar Amurka ta yarda da ita yanzu 5 ce kawai. A garin Woburn ma an rufe rijiyoyi biyu na gari a 1979, a daidai lokacin da iyaye suke kukan yawan sankarar jini ga yaransu.

Cutar ba ta zuwa da sauri kamar kwalara. Mutum zai sha yau lafiya lau, sai bayan shekaru abin ya fito. An tabbatar TCE yana kawo sankarar ƙoda, yana kuma taɓa hanta da jijiyoyi. Ana danganta shi da lahanin zuciya ga jaririn da ke ciki, shi ya sa na fi damuwa da masu juna biyu.

Tacewa da ƙyalle ba ta cire shi, maganin kulorin ma haka. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, ku ci gaba da yi. Amma wannan sinadari tururi yake bi ya tashi, wanda ke tsaye kan tukunya a rufaffen ɗaki ya shaƙa. Matata mai gawayi na musamman ce ke kama shi, ba gawayin girki ba.

A ƙauyukanmu hanyar da ta fi kusa ita ce duro da jarka da ake saya a kasuwa. Arharsu tana ruɗi. In ba ku san abin da aka fara zubawa a ciki ba, kada ku ajiye ruwan sha, domin roba tana riƙe sinadari ko an wanke ta da omo. Kada a haƙa rijiya kusa da gareji ko wurin fenti, kada kuma bakanike ya zubar da ruwan wankin inji kusa da rijiya. In ruwanku ya soma warin fetur ko tina, ku daina sha nan take, ku gaya wa mai unguwa da ma'aikatan lafiya domin a kai shi awo.