Aro, rance da bashi: kalmomin Ingilishi da ke jiran fatake a bakin iyaka

Kowace ranar Alhamis fataken Dungas da Malawa da Dogo-Dogo sukan kora bisashe zuwa kasuwar Maigatari ta jahar Jigawa, mutanen Magarya kuma su bi ta Tinkim su shiga Babban Mutum da riɗi da wake. Da Hausa ake ciniki, da Hausa ake sallamawa. Amma da zarar magana ta kai ga takardar banki ko ta yarjejeniya, sai Ingilishi ya karɓe fage. Lamarin ya ƙaru tun ƙarancin takardun naira na farkon shekarar 2023, lokacin da fatake da dama suka koma karɓar kuɗinsu ta asusun banki.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne maganar bashi. Bahaushe yana duban abin da aka karɓa: aro na abin da za a mayar da shi kansa ne, kamar amalanke ko sirdi, rance kuwa na abin da za a mayar da madadinsa, kamar kuɗi ko tiyar hatsi. Ingilishi bai damu da wannan ba, abin da yake dubawa shi ne wa ya bayar, wa ya karɓa. Mai karɓa shi ke yin «borrow», mai bayarwa shi ke yin «lend», kamar dai «emprunter» da «prêter» a Faransanci. A Hausa kuwa saiwar ɗaya ce: ya ranci kuɗi, ya ranta masa kuɗi. A kasuwannin Najeriya ma akan ji «borrow me» da nufin «ranta mini», amma wannan maganar baka ce, takarda ba ta san ta ba. A takarda «borrower» shi ne wanda ake bi, «lender» shi ne mai bi, kuma wanda ya sa hannu a gurbin da ba nasa ba ya ɗora wa kansa kayan da bai saya ba.

Ƙananan kalmomin da ke bin «borrow» su ne ke ɗauke da nauyin yarjejeniyar. «Borrow from» na nuna wanda aka ranta a wurinsa. «Borrow against» na nufin an jinginar da wani abu, gida ko gona ko kaya, wanda za a iya rasawa in an kasa biya. «Borrow at» kan zo da adadin kuɗin ruwa. «Take out a loan» cin bashin banki ne, «pay back» da «repay» kuwa biyansa. Wanda aka rubuta a matsayin «guarantor» ba shaida ba ne kawai, shi za a kama in mai bashi ya gudu.

Sai kuma «borrow in», wadda ke faɗin irin kuɗin da za a biya da shi, naira ko sefa. Dattawan kasuwa ba su manta da Janairun 1994 ba, sa'ad da aka karya darajar sefa da rabi, kuma faɗuwar naira tun daga Yunin 2023 ta koya wa matasa darasi irin wannan: wanda ya ci bashi da sefa, yana sayar da hajarsa da naira, ya ga ribarsa ta narke kafin ranar biya.

Kundin da Nijar ta amince da shi a 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Saboda haka ma'aikatan duwan da na kotu da malaman makarantun Magarya da Dungas su ma wannan magana ta shafe su, domin gare su farke yake kawo takarda a karanta masa kafin ya dangwala yatsa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin gudu shi ne mutum ya ci wanda bai san sharaɗinsa ba.