"Ai ubansa ne ya kai shi": haƙƙin yaron gidan mari

Kwanaki a wata majalisa a nan Yelwa, bayan la'asar, wani dattijo ya kawo kukan ɗansa da ya faɗa shan ƙwaya, har ya daina bin shi su a ruwa. Kafin ya rufe baki wani ya ce, "Baba, kai shi gidan mari kawai, wata shida zai dawo hankalinsa." Na ce to in ya dawo yana jan ƙafa fa? Sai aka yi mini caa: "Ai ubansa ne ya kai shi da hannunsa, wa zai tuhumi malam?" Na gaji da jin wannan magana.

Gidan mari ba sai an yi wa kowa bayaninsa ba. A ƙarshen Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, yara da manya, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala, wasu kuma suka ce an yi lalata da su. A Oktoba aka fito da 67 a Daura, aka sake samun 147 a wani gidan a Rigasa, sannan Zariya, Ilori da Ibadan. Aka kai na Kaduna sansanin alhazai, dangi suka zo suka kwashe nasu, 'yan jarida suka naɗe kayansu. Har yau ba a kafa wani asusu na ƙasa da zai biya waɗannan bayin Allah diyya ko ya ɗauki nauyin maganinsu ba. Mu da muka ga yadda sai a 2023 na ƙarshen ɗaliban Birnin Yauri da aka sace a Yunin 2021 suka dawo, mun san dawowa gida ba ita ce warkewa ba.

Uba amana ya kai wa malam, ba sayar masa da ɗan ya yi ba. Shi kansa uban ba shi da ikon karya ƙashin ɗansa, to ta ina zai ba wani izinin abin da bai mallaka ba? Masu fakewa da addini su koma littafi. Tun ƙarni na 9 Muhammad bin Sahnun, babban malamin Malikiyya na Ƙairawan, ya rubuta littafi a kan ladubban malaman makaranta, ya taƙaita dukan yaro a kan karatu zuwa bulala uku. Fiƙihun da muke karantawa a zaure yana da babi guda na diyyar raunuka: ido da kuɗinsa, haƙori da kuɗinsa, yatsa da kuɗinsa. Abin haushi, wanda ya fi kowa haddace babin nan shi ne zai fara cewa "a bar wa Allah" in raunin a jikin almajiri yake. Yafiya haƙƙin wanda aka cuta ce, ba ta maƙwabta ba.

Dokar ƙasa ma haka. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya haramta azabtarwa, sashe na 35 kuma ya ce wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da ban haƙuri a fili. Ga dokar hana azabtarwa ta 2017. Gwamnati kuwa ba za ta wanke hannu ba, domin gidajen nan ba a ƙarƙashin ƙasa suke ba, a tsakiyar unguwanni suka yi shekaru. A Ailan a da coci ne ke riƙe da gidajen da aka ci zarafin yara a cikinsu, amma firaminista ya nemi gafara a 1999, aka kafa hukumar biyan diyya a 2002. Ostareliya ta fara nata tsarin a 2018: kuɗi har dalar ƙasar 150,000, ganin likitan ƙwaƙwalwa, da ban haƙuri daga gidan da ya yi cutar. Talauci da ƙarancin cibiyoyin gyaran hali na da nasu laifin a nan gida, na sani, amma hakan bai wanke gwamnati ba.

In naka ya fito daga irin wannan gida, asibiti za ka fara kai shi, ba wurin mai ɗori ba, ka karɓi takardar likita mai kwanan wata. A ɗauki hoton tabon da waya tun bai dushe ba. A adana rasit, ko a rubuta sunan wanda ya shaida biyan kuɗin wata. A kai ƙara wurin 'yan sanda, a kuma rubuta wa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a ofishinta na Birnin Kebbi. Tun gyaran dokarta na 2010 tana da ikon yanke diyya, kuma ba a biyan ko sisi. Mara kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a. In manyan gari sun kira sulhu, a je, amma a rubuta wa zai biya magani da makaranta, kuma a tambayi yaron kafin a yafe da yawunsa. Kada a tsare shi da tambayoyi a gaban jama'a, balle a sa masa lakabi. Idan yana firgita cikin barci, ko ya koma fitsarin kwance, ko ya yi shiru kwana da kwanaki, kada a ce aljanu ne a sake neman wani malamin mai sarƙa. A nemi takardar turawa daga babban asibitin Yelwa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, a Sakkwato.