Gyaran Gida Kafin Damina: Tunatarwa Ga 'Yan'uwa Na Yakite

 'Yan'uwa fataken shanu, muna so mu ɗan ajiye maganar farashi da hanya, mu taɓo maganar gida. Da yawanmu mukan bi shanu zuwa Kamaru, ko Cadi, ko Kwango, mu yi wata biyu ko uku, mu bar iyali a Yakite. To, in ruwa ya sauka mai gida ba ya nan, wa zai hau rufi?

Daminar Bangi ba irin ta ƙasar Hausa ba ce. Ruwa yakan fara tun watan Maris, ba ya ɗaukewa sai Nuwamba, kuma abin da ke zuba a shekara yakan kai milimita 1,500, kusan ninki uku na Maraɗi. Rani wata uku ne kacal, Disamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin gyara. Ga shi unguwanninmu na Kilomita Biyar a kwari suke, ruwa ba ya saurin wucewa. Ba mu manta da Oktoba 2019 ba, lokacin da kogin Ubangi ya cika ya raba dubban mutane da gidajensu.

Na farko, rufi. Zafin rana yana sa kwano ya buɗe, sanyin dare ya sa ya tsuke, a hankali ƙusoshi su yi sako-sako. Guguwar farkon damina ita ke yaye irin wannan rufi. A kira kafinta ya hau, ya sake ƙusa, ya toshe huji. Ya kuma ƙwanƙwasa katako: in ya ji holoƙo, to gara ta cinye cikinsa, sai a canja.

Na biyu, bango. Ginin bulon ƙasa daga gindi yake mutuwa. Ruwan da ya kwanta a gindi yana hawa cikin bulo kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, ƙasar ta ruɓe, wata rana cikin dare bango ya zauna. Maganinsa a shafe gindin da siminti har gwiwa, a yi ciko yadda ruwa zai gangara nesa da ɗaki. In an ga tsaga, kada a ce sai an dawo daga tafiya. Simintin da ake shigowa da shi ta Garwa-Bulai yana da tsada, mun sani, amma bai kai kuɗin sake gini ba.

Na uku, magudanar ruwa. Leda da shara su ke toshe kwata, ruwa ya juyo cikin gidaje. Wannan aikin gayya ne, don in ka share taka maƙwabci bai share ba, wahalar banza ka yi. A yi magana da mai unguwa da liman, a sa rana guda.

Na huɗu, rijiya da masai. In ambaliya ta shiga masai, ƙazanta tana bin ruwa ta faɗa rijiya, daga nan sai gudawa, har da kwalara, irin wadda ta ɓulla a bakin Ubangi a 2016. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi, masai kuma in ya kusa cika a kwashe tun da rani. A zubar da tsofaffin tayu da gwangwani, nan sauro ke ƙyanƙyasa, a kuma duba gidan sauron yara.

Na biyar, kayan sana'a. Gishiri da kanwa suna jan laima, a ɗora su bisa katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Takardun gida, da na allurar shanu, da rasiɗan kwastan, a naɗe cikin leda a sa a akwatin ƙarfe, a ɗora sama. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin iyaka da jiƙaƙƙiyar takarda ya san abin da muke nufi.

A ƙarshe, kafin ka kama hanya, ka bar kuɗin gyara hannun uwargida, ka kuma nuna mata magini ko ɗan'uwan da za ta aika wa in abu ya taso. Kuɗin ɗan maraƙi guda ya isa yawancin wannan aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya. Wassalam.