Azurfa Zalla da Azurfa Mai Haɗin Jan Ƙarfe

Azurfa zalla ƙarfe ce mai taushi. Tana miƙewa a ƙarƙashin guduma ba ta tsage ba, kuma babu ƙarfen da ya kai ta ɗaukar lantarki. Sai dai taushin nan shi ne aibinta: zoben da aka ƙera da ita yakan lanƙwashe, zanensa ya shafe da wuri.

Shi ya sa maƙeran farfaru ke sa mata jan ƙarfe. Haɗin da ake buga wa lamba 925 yana da azurfa kashi 92.5 cikin ɗari, saura jan ƙarfe. Kuɗin azurfar Ostiriya masu ɗauke da shekarar 1780, waɗanda maƙeran ƙasar Hausa suka daɗe suna narkarwa su yi awarwaro da zobba, azurfarsu kashi 83 ce da ɗoriya. Irin wannan haɗi ya fi tauri, ya fi riƙe ado, ya kuma fi sauƙin narkewa: azurfa zalla sai zafi ya kai digiri 962, haɗin da ke da azurfa kashi 72 kuwa a kusan 780 yake narkewa.

Inda haɗin ya gaza shi ne saurin yin baƙi, musamman da gumi. Don haka mai sayen awarwaro a kasuwar Talata Mafara, Bakura ko Maradun ya kamata ya tambayi yawan haɗin tun kafin a yi ciniki.