Korona a Sukukutane: Yadda majo ya riƙa tantance wanda zai koma gida da wanda za a kai Dutsi

A Turai, mutumin da tari da zazzaɓi suka kama a shekarar 2020 likitan iyalinsa yake fara bugawa waya. A Sukukutane, can arewacin gundumar Dogondutsi ta jahar Doso, kalmar likita ma gini take nufi. In an ce wane ya tafi likita, to ya nufi cibiyar lafiya ta CSI ke nan, kuma wanda zai tarar a ciki galibi majo ne, wato babban ma'aikacin jinya, tare da unguwarzoma da 'yan mataimaka. Shi ya san gidan da ke da mai hawan jini, da matar da ta yi ɓari bara, da yaron da bai gama rigakafinsa ba. Duk abin da likitan iyali yake yi a wata ƙasa, a nan shi ke yi, kuma a kansa nauyin marasa lafiyan da ba a kwantar ba ya faɗa lokacin korona.

Nijar ta tabbatar da mutum na farko da ya kamu ranar 19 ga Maris 2020. Kwana biyu kafin nan shugaba Mahamadou Issoufou ya riga ya ba da sanarwar rufe iyakoki da makarantu. Ƙarshen watan aka killace birnin Yamai, aka sa dokar hana fitar dare. An hana sallar jam'i, abin da ya jawo tarzoma a wasu garuruwa, har sai da aka sake buɗe masallatai ranar 13 ga Mayu. A farkon watan na Mayu ne cutar ta yi ajalin ministan ƙwadago, Mohamed Ben Omar.

Duk wannan labarin birni ne. A karkarar Arewa matsalar ta fi haka tsauri: zazzaɓi, tari, ciwon kai da kasala, waɗanda aka ce su ne alamun korona, su ne kuma abin da ke cika layin likita kowace safiya tun kafin a san da ita.

Gwajin da ke akwai da wanda babu

A makonnin farko, cibiyar CERMES da ke Yamai ce ke gwajin korona, kuma tsakaninta da garin Dutsi kaɗai akwai fiye da kilomita 250. Ma'aikacin da ke ƙauye ba zai ce wa mai zazzaɓi ya jira sakamako daga can ba. Don haka aikin ya koma na cire ɗaya bayan ɗaya.

A ce magidanci ya zo a bayan kabu-kabu, jikinsa zafi, yana tari kwana uku. Ƙa'ida ita ce a fara raba shi da layin mata masu awo da masu goyo, a ba shi takunkumi, a zaunar da shi a waje inda iska ke kaɗawa. A nan rumfa da inuwar bedi sun fi ɗaki mai taga ɗaya amfani, kuma wannan na cikin 'yan abubuwan da karkara ta fi birni. Sai a soki yatsarsa a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, wanda ke ba da amsa cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin. In ya nuna akwai, an samu abin yi wa magani. Sai dai gwajin bai kore korona ba, domin mutum na iya ɗauke da biyun a lokaci guda.

Sauran aikin na tambaya ne. Yaushe ya fara? Ya daina jin ƙamshi ko ɗanɗanon abinci? Wa ya dawo daga tafiya a gidan? Tambayar ƙarshen nan tana da nauyi a Arewa, inda samari ke fita cin rani zuwa Yamai, Sakkwato, Kebbi, Legas ko Abijan, su dawo gab da damina. A lokacin, iyakar Najeriya a rufe take tun Agustan 2019, amma duk wanda ya san yankin ya san ƙafa da babur ba sa jiran shingen kwastan. In kuma tarin ya wuce mako biyu, ga rama da gumin dare, to hankalin majo ya tafi kan tarin fuka, wanda ke buƙatar gwajin majina da magani na wata shida.

Ga yara, agogo ne babban kayan aiki. Ana ɗaga riga a ƙirga numfashi na minti ɗaya cur. Jariri mai wata 2 zuwa 11 da ya kai 50, ko yaro mai shekara 1 zuwa 5 da ya kai 40, ana ɗaukarsa a matsayin mai ciwon haƙarƙari, a ba shi amoksisilin. In ya kasa shan nono, ko yana suma, ko yana amayar da komai, ba a jira. Wannan ƙa'ida ta girmi korona da shekaru masu yawa, kuma a ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, ita ce ta fi ceton rai a wannan shekarar ma.

Kwana na bakwai

Mafi yawan masu korona gida suke komawa, kuma haka ya dace. Farasitamol, ruwa da yawa, abinci, hutu. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ita ce mai alamun cutar ya keɓe kwana goma, a ƙara kwana uku bayan alamun sun tafi. Faɗar haka da sauƙi. A gidan da mutum ashirin ke shan randa ɗaya da moɗa ɗaya, kuma ƙin zuwa dubiya abin kunya ne, keɓewa sai dai a yi ta gwargwado: mara lafiya ya kwana a waje ko shi kaɗai a ɗaki, a ware masa kofi da kwano, mutum ɗaya ya riƙa kula da shi, kuma a nisanta shi da tsohon gida da mai ciwon suga.

Abin da ya sa cutar ta zama mai wuyar sha'ani ga mai duba marasa lafiya a waje shi ne yadda take juyawa. Mutum na iya yin kwana biyar ko shida kamar mura ce, sai a wajen kwana na bakwai ko takwas huhu ya fara gazawa. Wasu ma iskar jininsu na sauka ba tare da sun ji sarƙewa sosai ba. Akwai 'yar na'ura da ake maƙala wa a yatsa mai auna wannan, kuma in ta nuna ƙasa da 90 cikin 100, mara lafiya na buƙatar iskar oksijin. Ba kowace likitar karkara ke da ita ba, balle iskar. Inda babu, sai a koma ga ido da kunne: zai iya ƙarasa magana ba tare da ya tsaya shan iska ba? Leɓensa ya canja launi? Ya fara ruɗewa?

Daga nan sai hukunci mafi wuya, wato tura shi asibitin gunduma a Dutsi, in ta yi tsanani har Doso ko Yamai. Tun 2006 jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ce a dokar Nijar, amma dattijo mai shekara sittin ba ya cikin wannan rangwame. Akwai kuɗin mai, akwai na magani, akwai na cin wanda zai zauna jinya. In damina ce, ga gona tana jiran noma, ga hanya ta yanke. Majon da ya tura mutum ba dole ya jawo wa iyali sayar da tunkiya a banza. Wanda kuma ya riƙe mutum kwana biyu fiye da kima, wataƙila gawa za a mayar. Ba wata takarda daga ma'aikatar lafiya da ta ɗauke masa wannan.

Maganin da ya zo ta waya

'Yan uwa da ke birni da ƙasashen waje sun taka rawa iri biyu. Kuɗin da suka aiko ya kai mutane asibiti. Saƙonnin murya da suka riƙa turawa ta WhatsApp kuwa ba duka ne suka yi amfani ba.

Batun kulorokin misali ne. Nijar, kamar ƙasashe da dama na yankin, ta sa shi cikin tsarin jinyarta a farkon annobar. Zuwa Yuni da Yulin 2020 manyan gwaje-gwaje sun nuna ba ya rage mutuwa. Amma labarin farko ya riga ya zaga, na biyun kuwa bai samu masu tura shi ba.

Na dekzametazon ya fi haɗari. A watan Yunin 2020 binciken RECOVERY na Ingila ya gano yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da ɗaya cikin biyar ga waɗanda ke kan oksijin. Ga wanda ke numfashi lafiya ba tare da oksijin ba kuwa, binciken bai ga wani amfani ba. To wannan ƙwaya ba baƙuwa ba ce a kasuwannin ƙasar Hausa. Tana cikin waɗanda ake sha don ƙiba, kuma ana samunta a tiren masu tallar magani. Tana ɗaga sugan jini, tana raunana garkuwar jiki. Wani ɓangare na aikin mai duba marasa lafiya a shekarar shi ne ya tambayi abin da aka riga aka sha kafin a zo, ya kuma hana.

Waɗanda ba su zo ba

A ƙididdigar hukuma, waɗanda aka tabbatar sun kamu da korona a Nijar ba su kai dubu goma ba, mamata kuma ɗari uku da 'yan kai, mafi yawansu a Yamai, inda gwajin yake. Ɓarnar da ta fi wuyar gani ita ce ta mutanen da suka ƙaurace wa likita don tsoron a ce korona ce, a tsare su, ko a hana iyali yi musu sutura yadda aka saba. Yaro mai zazzaɓin cizon sauro da aka ɓoye kwana uku yana iya zuwa jini ya riga ya ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa zazzaɓin ya kashe mutum 627,000 a duniya a 2020, ƙarin 69,000 kan 2019, kuma kusan 47,000 daga cikin ƙarin ta danganta su da tsaikon da annobar ta jawo wa aikin lafiya.

Shi ya sa ci gaba da rabon maganin kariya na damina, wanda ake bai wa yara masu wata 3 zuwa 59 sau ɗaya a wata, ya zama babban abu. A shekarar an sauya salo: mai rabo ya tsaya nesa kaɗan, ya miƙa wa uwa, ita ta ba ɗanta yana kallo. Masu wannan aikin 'yan ƙauyen ne, an san iyayensu, kuma ana buɗe musu ƙofar da ba za a buɗe wa baƙo mai farar riga ba.

Allurar rigakafin korona ta fara a Nijar a ƙarshen Maris 2021 da Sinopharm ta Sin, sai AstraZeneca a watan Afrilu. Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa. A Arewa kuwa hunturu na zuwa kowane Disamba da ƙurarsa, yara su cika rumfar likita da tari, a biyo da watannin zafi na sanƙarau, cutar da ta yi wa jahar Doso ɓarna a 2015. Majo na nan da agogonsa, yana ɗaga riga yana ƙirgawa.