Juyawar Tauraro da Sirrin Shekarunsa

Makiyayi yakan buɗe bakin saniya ya dubi haƙoranta ya faɗi shekarunta. Su kuwa masana ilmin taurari, juyawar tauraro suke dubawa. Tun a 1972 Andrew Skumanich ya nuna cewa tauraro irin Rana yana rage saurin juyawa gwargwadon tsufansa. Ita Rana, mai shekara wajen biliyan 4.6, tsakiyarta kan kammala juyi ɗaya cikin kwana 25.

To, yaya za a ga juyawar abin da ko a madubin hangen nesa ɗigon haske ne kawai? Taurari suna da baƙin tabo a jikinsu. Idan tabon ya fuskanto Duniya sai haske ya ɗan ragu, idan ya zagaya baya sai ya dawo. Tazarar da ke tsakanin raguwa biyu ita ce juyi ɗaya. Da wannan dabara aka gano juyawar taurari fiye da 34,000 a 2014, daga awon hasken da madubin Kepler ya yi a sararin samaniya tsakanin 2009 da 2013.

Wahalar tana ga tsofaffin taurari masu nawa. Tabonsu kaɗan ne, kuma yakan shuɗe kafin ya zagayo. Ga shi madubin TESS, wanda aka harba a 2018, kwana 27 kacal yakan yi yana kallon sashe ɗaya na sama. Tauraron Proxima Centauri, mai buƙatar fiye da kwana 80, sulusin juyi kawai zai yi a wannan ɗan lokaci. Tilas sai an harhaɗa awon da aka yi a lokuta dabam-dabam, ko a nemi gudummawar madubai na ƙasa.